Kare Idon Ruwa Daga Bisa Tudu Yake Farawa

A tsaunin Mambila, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, ƙauyuka da dama ba su da wani famfo sai idon ruwan da ke ɓuɓɓugowa a gindin tudu. Irin waɗannan idanu ne ke haɗuwa su zama ƙoramun da ke ciyar da Kogin Donga, wanda ke gangarawa ya faɗa Binuwai. Ruwan da ake ɗiba a watan Fabrairu ruwan daminar da ta wuce ne, wanda ƙasar tudu ta shanye take sakinsa sannu a hankali. Muddin akwai ciyawa da kurmi a bisa, ruwan sama zai tsaya ya nutse. In kuwa aka cinna wa ciyawar wuta kowane rani, shanu suka tattake ƙasar ta daskare, aka sare kurmin bakin rafi, sai ruwan ya kwarara a guje ya kwashe ƙasa, idon ya ƙafe tun kafin bazara.

Wani zai ce bishiyar zaiti da ta cika Gembu da Nguroje ai ita ma bishiya ce, kuma da ita ake samun katako da itacen girki da kuɗin makarantar yara. Gaskiya ne, babu mai cewa a daina shuka ta. Sai dai zaiti mai saurin girma ce, tana zuƙar ruwa rani da damina, ciyawa kuma ba ta cika yin kyau a ƙarƙashinta ba. Wurinta yana can nesa da maɓuɓɓuga. Kusa da idon ruwa, itatuwan asali irin waɗanda suka rage a dajin Ngel Nyaki su ne suka dace. Masu cewa a haƙa rijiyar burtsatse a huta su ma su tuna cewa ruwanta daga ƙarƙashin ƙasa yake, kuma ranar da injinta ya lalace, idon ruwan nan za a koma.

Makiyayi yana da hakkin shayar da dabbobinsa, kuma gyaran idon ruwa bai hana shi ba. A gina ƙaramin tankin siminti mai murfi a bakin idon, a fitar da bututu inda mata za su tara bokiti, a yi kwami can ƙasa domin shanu. A zagaye wurin da shinge, a yanka lambatu ta bisa don ya karkatar da ruwan da ke ɗauko kashin dabbobi. Kada a haƙa masai a saman idon ruwa, ko a ƙasa da mita 30 daga gare shi, domin ta nan amai da gudawa ke shiga gari.

Wannan aiki bai fi ƙarfin ƙauye ba. Mai unguwa da arɗo da limami su zauna da jama'a tun kafin lokacin ƙona daji, a shata iyakar kowane idon ruwa, a kuma naɗa masu kula da shi.