Ko Kun Sani?

Marubucin nan Graham Greene leƙen asiri ya yi wa Ingila a Freetown ta Saliyo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga zaman nan ya samo labarin The Heart of the Matter, wanda ya fito a 1948. A cikin littafin, Scobie, mataimakin kwamishinan 'yan sanda kuma ɗan Katolika, ya kamu da son wata matashiyar bazawara da aka ceto bayan jirgin ruwansu ya nutse. Ga matar aure, ga masoyiya, ga tsoron Allah. Ƙarshe dai ya kashe kansa. Shi kuwa maigidan Greene a wurin aiki, Kim Philby, ashe Tarayyar Sobiyat yake yi wa aiki, har ya tsere Mosko a 1963. Littafin ya yi suna, sai dai 'yan Saliyo a cikinsa kusan 'yan kallo ne.