Yadda Baƙo Ke Zama Abin Ƙi: Labarin Gana da Nijeriya

Akwai wata jaka da ake sayarwa a kowace kasuwa. Ta leda ce saƙaƙƙiya, mai zanen ja da shuɗi da fari. Matafiya suna zuba kaya a cikinta, haka ma 'yan makarantar kwana. Sunanta Gana-mas-go. Sunan Turanci ne, ma'anarsa dole 'yan Gana su tafi. An laƙaba mata shi a 1983, lokacin da gwamnatin Nijeriya ta kori baƙi. Amma labarin bai fara daga nan ba. Shekara 13 kafin wannan kora, Gana ce ta kori 'yan Nijeriya.

A duka ƙasashen biyu, baƙin da aka kora su ne waɗanda aka yi wa maraba a baya. Ba halinsu ne ya sake ba. Halin da masu masauki suka shiga ne ya sake.

Lokacin da ake maraba

Tun kafin zuwan Turawa fataken Hausa suke zuwa Gwanja sayen goro. Sukan kai kanwa da tufafi da kayan fata, su ɗoro wa jakuna goro su dawo. Babbar kasuwarsu ita ce Salaga. A 1892 yaƙin sarauta ya tashi a Salaga, sai 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kumasi da Akara da wasu garuruwa. Unguwar da suke sauka ita ake kira Zango. Har yau da Hausa ake ciniki a Zangon Kumasi. Alhassan Ɗantata na Kano ma ya yi fataucin goro a wannan ƙasa kafin ya shahara da sayen gyaɗa.

Daga baya noman koko ya bunƙasa. Koko shi ne ake yin cakulan da shi. A 1911 babu ƙasar da ta kai Gana fitar da shi a duniya. Gonaki sun yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Ga ramukan zinariya a Obuwasi suna neman leburori. Sai mutane suka yi ta kwarara: Mosawa daga ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, Zabarmawa da Hausawa daga Nijar, Yarabawa da Hausawa daga Nijeriya, da mutanen Togo. Mai gona yana murna da su, don su ne masu sassabe da girbi. Mai gida yana murna, don suna biyan haya. Babu wanda ya tambaye su takarda.

Da aka yi ƙidaya a 1960, an samu kusan mutum 1 cikin 8 na mazauna Gana asalinsa daga waje yake. Shugaban ƙasar na lokacin, Kwame Nkrumah, yana wa'azin cewa Afirka duk ɗaya ce. Sai dai ko shi, da siyasa ta yi zafi a 1957, ya kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, zuwa Nijeriya, saboda yana goyon bayan 'yan hamayya. Tun daga nan aka gane cewa kalmar baƙo sanda ce da mai mulki zai iya ɗauka idan ya ga dama.

Mako biyu kacal

Wajen 1965 farashin koko ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Kuɗi suka yi wuya. Samarin da suka gama makaranta suka rasa aiki. A 1966 soja suka hamɓarar da Nkrumah. Ɗan ƙasa da ba shi da abin yi idan ya shiga kasuwa, sai ya ga rumfar Bayarabe cike da kaya, ya ga Bahaushe yana sayar da nama da goro. Da can wannan bai dame shi ba. Yanzu kuwa sai ya ga kamar rabonsa ne aka cinye. Aka fara cewa baƙi ne ɓarayi, baƙi ne masu fasa-ƙwaurin lu'ulu'u, baƙi ne suka tare kasuwa.

A 1969 aka yi zaɓe, Dakta Kofi Busia ya zama Firayim Minista. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatinsa ta ba da umarni: duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin mako biyu, ko ya bar ƙasar. Mafi yawansu ba su taɓa riƙe irin wannan takarda ba. Wasu a Gana aka haife su, ba su san kowane gari ba sai Kumasi, amma aka lissafa su cikin baƙi saboda iyayensu daga waje suka zo.

Mutane suka sayar da gidaje da rumfuna da kekunan ɗinki a kan kuɗi ƙalilan. Wasu ko sayarwar ba su samu yi ba. Aka cika manyan motoci da mata da yara da tsofaffi. Dubban ɗaruruwan mutane ne suka fita. 'Yan Nijeriya daga cikinsu sun koma gida ana tsakiyar yaƙin basasa.

Da farko jama'a da yawa sun yi murna. Amma aikin da ake jira bai samu ba. Manoman koko suka rasa ma'aikata. Wasu ƙauyuka suka rasa mai kawo musu gishiri da sabulu da kananzir, don baƙon nan ne yake shiga lungu da kayan koli. A Janairun 1972 soja suka kawar da Busia, tattalin arziki yana nan yadda yake.

Reshe ya juye da mujiya

A 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo. Nijeriya ta samu kuɗin da ba ta taɓa gani ba. Ana gina hanyoyi da gadoji da gidaje. A 1976 aka fara shirin ilmin firamare kyauta, makarantu suka cika, malamai suka yi ƙaranci. Gana kuwa ta shiga matsi, har sabulu da sukari sai an yi layi. Sai 'yan Gana suka kama hanyar Nijeriya. Cikinsu akwai malaman makaranta da magina da teloli da masu gyaran takalma da makanikai. Dattawa da yawa a Kano da Kaduna da Sakkwato suna iya tuna malamin lissafi ko na Turanci ɗan Gana da ya koyar da su. A lokacin yabonsu ake yi, ana cewa sun iya aiki, ga sauƙin kuɗi.

Hukuma ma ta buɗe ƙofa. A 1975 aka kafa ƙungiyar ECOWAS ta ƙasashen Afirka ta Yamma a Legas. A 1979 ƙasashen suka amince ɗan kowace ƙasa ya shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Mutane da yawa sun ji an ce an buɗe hanya, amma ba su ji zancen kwana 90 ba.

Abu biyu suka juya zukatan mutane. Na farko tsoro. A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano, mutum fiye da 4,000 suka mutu. Shugaban 'yan tarzomar, Muhammadu Marwa, daga Kamaru ya zo. Mafi yawan mabiyansa 'yan ƙasa ne, amma abin da ya zauna a bakin jama'a shi ne baƙi ne suka kawo fitina. Da rikicin ya sake tashi a Bulunkutu ta Maiduguri da Kaduna a 1982, zancen ya ƙara ƙarfi. Laifin mutum ɗaya sai ya shafi mai gadi daga Nijar da tela daga Gana, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Na biyu aljihu. Daga 1981 kasuwar mai ta fara ja da baya. A 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu. Masana'antu suka rage ma'aikata. Albashi ya daina zuwa a kan kari. Ga zaɓe yana tafe a 1983. Faɗa wa talaka cewa farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya abu ne mai wuyar bayani. Nuna masa baƙon da ke zaune a ƙofar gidansa ya fi sauƙi.

Ranar 17 ga Janairun 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya fita kafin ƙarshen wata. Mako biyu ke nan, daidai da wa'adin da Busia ya bayar. An ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 2 ne suka fita, kimanin rabinsu 'yan Gana. Sauran daga Nijar da Cadi da Kamaru da Togo da Binin suke. Gana ta riga ta rufe iyakokinta tun 1982, don haka jama'a suka taru jingim a kan iyakar Binin da Togo, suna kwana a fili, ruwan sha yana gagara, har wasu suka rasu. Sai a ƙarshen watan aka buɗe musu. Wasu jirgin ruwa ne ya kwashe su daga tashar Apapa. Sun isa gida a shekarar da fari da gobarar daji suka cinye gonakin Gana. A cikin jakar nan ta leda yawancinsu suka ƙunsa abin da suka iya ɗauka.

A nan ma korar ba ta kawo sauƙi ba. Makarantu da dama sun rasa malamai. Ranar 31 ga Disambar 1983 soja suka karɓe mulki, kuma a 1985 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sake korar baƙi.

Ba kowa ne ya yi murna ba

A lokutan biyu duka, mutanen da suka zauna da baƙin nan ba su ne masu zafin kai ba. Mai gidan haya, da abokin ciniki, da wanda ya ba baƙo 'yarsa, sun san shi da suna, sun san ko mai amana ne. An samu maƙwabta da suka riƙe wa waɗanda aka kora kaya da gidaje. A garuruwan kan iyaka, kamar tsakanin Katsina da Maraɗi, abin ma ya fi rikitarwa, don wanda hukuma ke kira baƙo wataƙila ɗan ƙanin mahaifiyar mai gari ne. Wanda bai taɓa zama da baƙo ba, sai dai ya ji labarinsa a rediyo ko a tasha, shi ya fi saurin yarda da duk abin da aka faɗa a kansa.

Zancen bai mutu ba. A 2013 Gana ta yi doka cewa baƙon da zai buɗe harkar saye da sayarwa sai ya zo da jarin dala miliyan 1. A 2019 da 2020 an kulle shagunan 'yan Nijeriya da yawa a Kumasi da Akara bisa wannan doka. A daidai lokacin ita ma Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, motocin 'yan kasuwar Gana suka yi watanni a tsaye a bakin iyakar Seme.