Farin da ba a shafa ba: hotunan sanyi na Japan da matsalar fassara su da hausa

1. Gabatarwa

Cikin wannan ƴar maƙala za mu duba wani irin hoto na ƙasar Japan, tare da tambayar da yake aza wa mai fassara: da waɗanne kalmomi za a bayyana shi ga ɗan makarantar Mallawa, cikin jihar Damagaram, wanda bai taɓa ganin abin da Faransawa ke kira "neige" ba?

2. Yadda ake yin hoton

Mutum huɗu ke tarayya cikin aikin: mai zane, masassaƙi, mai bugawa, da mai zuba kuɗi ya sayar. Masassaƙi yakan manna zanen bisa allon katako, ya sassaƙe duk inda babu layi. Kowane launi da allonsa. Mai bugawa ya shafa launi, ya aza takarda, ya murza bayanta. Aikin dangin hatimi ne. Saboda haka muka zaɓi kalmar "bugu" bisa "zane".

A 1856 Hiroshige ya fitar da hoton gidan ibadar mabiya Buda na Asakusa, a birnin Edo, wato Tokyo ta yau: ƙatuwar fitila a gaba, rufin gine-gine da itatuwa fari fat. A 1925 Kawase Hasui ya yi na Zojoji: mace guda da lema gaban jar ƙofa. Abin lura shi ne, farin da ke bisa rufin nan takardar ce kanta. Masassaƙi ya rarake wurin, launi bai taɓa shi ba.

3. Kalmomi

Kalmar da aka saba da ita a rediyo ita ce "dusar ƙanƙara". "Dusa" ta kama kamannin abin: gari ne mai laushi da ke sauka a hankali. Matsalar tana ga "ƙanƙara". Ga manomin Mallawa, ƙanƙara abin damina ce: da hadari take zuwa, ta yi ƙara bisa kwano, ta yayyage ganyen hatsi. Hotunan nan kuwa lokacin ɗari suke nunawa, da tsit, da tafiya a sannu.

Abin da ya yi kusa da wannan a ƙasarmu shi ne hazon hunturu, lokacin da hasumiyar masallaci ke ɓacewa rabi, gari ya yi fari, kowa ya ƙudundune cikin mayafi.

Haka nan "gidan tsafi", da wasu ke fassara "temple" da ita, hukunci take yankewa tun kafin yaro ya ga hoton. "Gidan ibada" ta wadatar.

4. Kammalawa

Muna ba masu rubuta littattafan makarantu shawarar su riƙe "dusar ƙanƙara", tunda ta zauna a bakin jama'a, amma malami ya fara bayaninsa daga hazo. In ya fara daga ƙanƙara, yaro zai saurari tsawa inda Hiroshige ya bar takarda fara.