Ɗalibai masu buƙata ta musamman a jami'o'in Gezira da Blue Nile: me doka ta ce, me ya rage?

Ga matashin Maiurno, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin kogin Blue Nile bayan yaƙin Burmi na 1903, samun gurbin karatu a Jami'ar Gezira da ke Wad Madani babbar nasara ce. Amma idan makaho ne, ko kurma, ko mai tafiya a keken guragu, gurbin kaɗai ba ya kai shi ga digiri.

Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2009, ta kuma kafa sabuwar dokar naƙasassu a 2017. Sashe na 24 na yarjejeniyar ya wajabta wa gwamnatoci su tabbatar masu naƙasa sun samu ilimi mai zurfi daidai da kowa, tare da yi musu sauƙin da ya dace.

Wannan sauƙi ba rage darajar jarrabawa ba ne. Makaho na buƙatar darasi cikin rubutun makafi, ko a kwamfuta mai manhajar da ke karanta rubutu da murya, irin NVDA da ake samu kyauta. Kurma na buƙatar tafintan maganar hannu da rubutaccen bayanin lacca. Mai keke na buƙatar gangara a maimakon matakala, da aji da ɗakin kwana a ƙasan bene. Da yawansu na buƙatar ƙarin lokaci a jarrabawa.

Ɗan ƙauyen Hausawa yana da ƙarin nauyi: da Hausa ya tashi a gida, karatu kuwa da Larabci ne akasari.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya dagula lamarin. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar 2023, sojoji suka ƙwato ta a Janairun 2025. Jami'o'i da dama sun koma koyarwa ta intanet, inda hoton takarda da aka tura ta WhatsApp ba ya amfanar makaho, saƙon murya kuma ba ya isa ga kurma.

Gyaran gine-ginen da yaƙi ya lalata wata dama ce, domin sa gangara da faɗaɗa ƙofa tun wurin gyara ya fi arha a kan fasa gini daga baya. Iyaye kuwa, tun ranar rajista ya kamata su kai wa ofishin kula da harkokin ɗalibai buƙatun 'ya'yansu a rubuce.