Maganin karkarwar zuciya

Karkarwar zuciya, wadda likitoci ke kira atiriyal fibirilashin, ita ce nau'in rikicewar bugun zuciya mai ɗorewa da aka fi samu a jikin manya. Ana maganinta ne da ƙwayoyi ko kuma da aikin da ake kira ablashin, wato ƙona wurin da rikicewar ke tasowa a cikin zuciya.

Yadda take faruwa

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. A jikin lafiyayyen baligi da ke hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, bisa saƙon lantarki da ke fitowa daga ɗakin sama na dama. Idan saƙon ya rikice, sai ɗakunan sama su riƙa karkarwa maimakon su matse, jini ya kwanta a ciki har ya daskare. Gudan jinin na iya tafiya ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, haɗarin da ke ninkuwa kusan sau biyar ga mai wannan ciwo. Hawan jini, tsufa, ƙiba, shan barasa da lalacewar ƙofofin zuciya na cikin abubuwan da ke haddasa ta. Ana tabbatar da ita da gwajin ECG.

Magunguna

Magungunan sun kasu uku. Na farko suna rage saurin bugun, kamar bisofurolol da digoksin. Na biyu suna mayar da bugun kan tsarinsa, kamar amiyodaron da filekenid. Waɗannan suna buƙatar kulawar likita: amiyodaron na iya taɓa huhu, hanta da tairod, sannan binciken CAST na 1989 a Amurka ya gano cewa filekenid na ƙara mace-mace ga waɗanda jijiyar zuciyarsu ta taɓa toshewa. Na uku su ne magungunan tsinka jini, irin su warfarin da afiksaban, waɗanda ke hana shanyewar jiki. Ga mai tsukewar ƙofar zuciya sakamakon ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi maganinsa ba, matsalar da har yanzu ake fama da ita a Afirka, warfarin ake bayarwa.

Ablashin

Likita yana zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa zuciya, ya lalata ɗan ƙaramin wuri da zafi ko da tsananin sanyi. Tabon da ya rage shi ke tare saƙon da ke rikita bugun. Melvin Scheinman ne ya fara yin irin wannan aiki a jikin mutum a San Francisco a 1981. A 1998, Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bordeaux ta Faransa suka nuna cewa karkarwar ta fi tasowa daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu, shi ya sa ake killace su a yau. Aikin na iya jawo zubar jini ko taruwarsa a kewayen zuciya, kuma wasu sai an maimaita musu.

Zaɓi tsakanin biyun

Ablashin ya fi ƙwayoyi hana karkarwar dawowa, kuma binciken CASTLE-AF na 2018 ya nuna raguwar mace-mace ga masu raunin zuciya da aka yi wa aikin. Sai dai yana da tsada, kuma yana buƙatar ƙwararru da kayan aiki na musamman. Daidaita bugu da hana daskarewar jini abubuwa ne daban: ko bayan aikin ya yi nasara, shekarun majiyyaci da sauran cututtukansa, kamar ciwon suga, likita ke dubawa kafin ya yanke ko za a daina maganin tsinka jini.