Hawa da Gangara a Ƙasar Tuddai Dubu: Hanyoyin Keke daga Kigali zuwa Tafkin Kivu

Wannan shiri na musamman ya karkata ne zuwa Ruwanda, ƙaramar ƙasa a yankin manyan tafkunan Afirka wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 26,338 ba, amma titunan karkararta suka yi suna a tsakanin mahaya keke na duniya saboda wahalarsu da kuma abin da ke gefensu na tafkuna da wuraren tarihi. Hawan keke a kan kwalta, wanda shi ne batun shirin, tafiya ce mai nisa da ake yi da keke marar nauyi, mai siraran tayoyi da giya masu yawa, wanda aka ƙera domin shimfiɗaɗɗen titi, saɓanin keken daji mai kaurin taya da ake kutsawa cikin duwatsu da laka da shi.

A ƙasar da ake yi wa kirari da mai tuddai dubu, tsawon hanya kaɗai ba ya gaya wa mahayi abin da ke jiransa, shi ya sa masu wannan harka suke dogara da wasu ma'aunai guda biyu. Na farko shi ne jimillar hawa, wato a tara tsayin dukkan tuddan da aka haura daga farkon tafiya zuwa ƙarshenta ba tare da an cire gangarar da ke tsakaninsu ba. Na biyu kuwa shi ne tsananin hawa, wanda ake faɗa da kaso cikin ɗari, ta yadda idan aka ce titi yana da kashi 10 cikin 100, ana nufin yana ɗagawa sama da mita 10 a cikin kowace mita 100 da aka ci gaba. A kan waɗannan biyu akwai tsayin ƙasar ita kanta, domin birnin Kigali yana zaune ne a kan kimanin mita 1,500 daga doron teku, wasu titunan yamma kuma sun haura mita 2,000, inda nauyin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kowane numfashi kuma yake kai wa jini iskar da ba ta kai wadda ya saba samu a ƙasa ba. Baƙon da ya taso daga bakin teku yakan ga ƙarfinsa ya ragu a kwanakin farko ko da lafiyarsa ƙalau.

Duniya ta ga ma'anar waɗannan alƙaluma a watan Satumba na 2025, lokacin da Kigali ta karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya, karo na farko da aka yi ta a nahiyar Afirka. Tseren manyan maza ya kai kimanin kilomita 267 da jimillar hawa sama da mita 5,000, Tadej Pogačar ɗan ƙasar Siloveniya ya lashe shi, mafi yawan waɗanda suka fara kuwa ba su kai ƙarshensa ba. A cikin hanyar akwai ɗan gajeren hawan nan da aka daɓe da duwatsu a ɓangaren Nyamirambo, unguwar da ta yi fice da yawan Musulmi, wanda mazauna birnin ke kira Kwa Mutwe, baƙi kuma suka laƙaba masa Bangon Kigali saboda miƙewarsa. Gasar ba ta rasa masu suka ba, domin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun zargi gwamnati da amfani da wasanni wajen gyara sunanta a idon duniya, zargin da hukumomin ƙasar ba su amince da shi ba.

Mai neman karkara yakan bar birnin ne ta arewa maso yamma, inda titi ke tashi daga kwarin Nyabugogo ya haura Shyorongi tun ƙafafu ba su yi ɗumi ba, sannan ya bi ƙoramu da gonaki hawa-hawa na ayaba da wake da dankali har kimanin kilomita 90 zuwa Musanze. Garin yana gindin tsaunukan Birunga masu aman wuta, waɗanda mafi tsayinsu, Karisimbi, ya kai mita 4,507, kuma a dazukansu ne goggon birin tsauni yake rayuwa. Gabas da garin akwai tagwayen tafkuna, Burera da Ruhondo, na farkon yana sama da na biyun, ruwan da ke gangarowa tsakaninsu kuma shi ne ke juya injinan tashar lantarki ta Ntaruka. A Musanze ɗin ne aka kafa cibiyar horar da mahayan ƙasar, zaɓin da ya dace, tun da jikin da ya saba aiki a wannan tsayi yana ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa wasa ne ya kawo keke waɗannan tituna. Tun kafin zuwan masu tsere, keke shi ne abin sufurin talaka a karkarar Ruwanda, kuma har yau abanyonzi, wato masu haya da keke waɗanda matsayinsu ya yi daidai da na 'yan acaɓa, su ne ke kai fasinja kasuwa a kan ɗan kushin da aka ɗaura a bayan sirdi, wasu kuma suna labta buhunan dankali da na gawayi da nonnan ayaba da jarkokin madara a kan baƙin keke mai giya ɗaya. A wurin hawa sukan sauka su tura, ko su maƙale a bayan babbar mota, abin da ke da haɗari ƙwarai, a gangara kuwa sukan sulalo da gudun da ke ba mai keken tsere mamaki. Daga cikin irin waɗannan samari ne aka samo da dama daga mahayan da suka wakilci ƙasar bayan kafa ƙungiyarta a 2007, kuma wannan ne ya sa tseren zagayen Ruwanda, wanda aka fara a 1988 aka kuma shigar da shi jadawalin hukumar keke ta duniya a 2009, yake tara dandazon jama'a a bakin titi fiye da yadda ake gani a tsere da yawa na Turai: mutanen da ke kallo sun san nauyin kowane tudu a cinyoyinsu. Valens Ndayisenga ya ci tseren a 2014 da 2016, Jean Bosco Nsengimana a 2015, Joseph Areruya a 2017, Samuel Mugisha a 2018, kafin mahayan Iritiriya su mamaye shi a shekarun da suka biyo baya.

Daga Musanze titi yana ƙara haurawa ta makiyaya da gonakin shayi, sannan ya saki doguwar gangara zuwa Rubavu a bakin tafkin Kivu, garin da ke manne da birnin Goma na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, wanda rikicin gabashin ƙasar ya sha rutsawa da shi. Kivu yana kan tsayin kimanin mita 1,460, faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 2,700, zurfinsa kuma ya doshi mita 480, kuma a can ƙarƙashinsa akwai iskar metan mai cin wuta da iskar kabon masu ɗimbin yawa da suka narke a cikin ruwa, nauyin ruwan sama ne kawai ke danne su. Irin wannan iskar kabon ce ta ɓalle daga tafkin Nyos na Kamaru a watan Agusta na 1986 ta shaƙe mutum sama da 1,700, shi ya sa masana suke sa ido a kan Kivu, Ruwanda kuma take zuƙo metan ɗin a kusa da Karongi tana samar da lantarki da shi. Da yamma masunta sukan fita a kwale-kwale uku-uku da aka haɗa da dogayen sanduna, su kwana suna jawo ƙananan kifin nan da ake kira sambaza da hasken fitila.

Titin da ya bi gaɓar tafkin zuwa kudu, daga Rubavu ta Rutsiro da Karongi da Nyamasheke har Rusizi, shi ne mafi kyau a wannan zagaye da ya faro daga Kigali, kuma shi ne mafi yaudara, domin wanda ya ji an ce hanyar bakin ruwa ce zai zaci shimfiɗaɗɗiya ce, alhali ba ta daɗewa a gefen ruwan sai ta haura cikin gonakin kofi ta sake gangarowa wani lungu na tafkin. Dalili kuwa shi ne jerin tsaunukan da ke gabas da ita su ne mararrabar ruwan Kongo da Nilu: ruwan saman da ya zuba a yammacinsu yana shiga Kivu, ya bi kogin Rusizi zuwa tafkin Tanganyika da kogin Kongo har tekun Atilantika, wanda ya zuba a gabashinsu kuwa yana nufar Nilu da Bahar Rum. Akwai wata hanyar yawon buɗe ido mai ɗauke da sunan wannan mararraba, mai tsawon kilomita 227, wadda aka buɗe a 2011, amma yawancinta turɓaya ce da tsakuwa, saboda haka ta keken daji ce, mai siraran tayoyi ya tsaya a kan kwalta.

Tuddan da ke sama da Karongi suna ɗauke da tarihin da bai kamata mahayi ya wuce shi da gudu ba. A Bisesero ne dubun-dubatar 'yan ƙabilar Tutsi suka taru a lokacin kisan ƙare-dangi na 1994, suka yi makonni suna kare kansu da duwatsu da masu daga saman tuddai, har aka kawo ƙarin mahara da bindigogi aka hallaka mafi yawansu. Wurin tunawa da su, tare da na Murambi da Nyamata da Gisozi, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2023, shekarar da dajin Nyungwe shi ma ya shiga jerin. Ta cikin wannan daji ne titi ke ratsawa daga Rusizi zuwa gabas, hawa mai tsawo cikin hazo da sanyi wanda ke buƙatar rigar ruwa da birki mai kyau, kafin ya fito gonakin shayi na Kitabi ya wuce kusa da Murambi, makarantar koyon sana'a da ba a gama ginawa ba inda aka kashe dubban mutanen da suka fake a cikinta.

Daga nan ƙasa takan ɗan lafa. Huye garin ilimi ne mai gidan adana kayan al'adu da aka buɗe a 1989, a arewa da shi kuma akwai Nyanza, wadda ta zama mazaunin sarauta a 1899 zamanin Sarki Yuhi Musinga, wanda Turawan Beljiyam suka tuɓe a 1931 suka naɗa ɗansa Mutara Rudahigwa. A tudun Rukari an sake gina fadar gargajiya ta ciyawa kusa da gidan zamani da aka gina wa Rudahigwa a 1932, kuma a bayanta ana kiwon inyambo, shanun sarauta masu dogayen ƙahoni waɗanda makiyayansu ke rera wa waƙoƙin yabo. An kawo ƙarshen sarautar ne da ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, shekara guda kafin samun 'yancin kai.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan zagaye shi ne rani mai tsawo, daga Yuni zuwa Satumba, domin damina biyu ake yi, ta Maris zuwa Mayu da ta Oktoba zuwa Disamba, ruwan kuma yakan jawo zaftarewar ƙasa a yamma. Safiyar Asabar ta ƙarshen kowane wata ta umuganda ce, wato aikin gayya na ƙasa baki ɗaya wanda ake taƙaita zirga-zirga saboda shi, makon da ke farawa ranar 7 ga Afrilu kuma na zaman makoki ne da ake jingine shagulgula. Mai amfani da tsohuwar taswira zai ci karo da sunayen da aka sauya a 2006, inda Ruhengeri ta koma Musanze, Gisenyi ta koma Rubavu, Kibuye ta koma Karongi, Cyangugu ta koma Rusizi, Butare kuma ta koma Huye, ko da yake dattawa da direbobi da yawa suna kiran garuruwan da sunayensu na da.