Tsiron da ke zuƙe gubar asenik daga ƙasa

Asenik sinadari ne mai guba wanda ke taruwa a ƙasa ta hanyar haƙar ma'adinai da wasu magungunan ƙwari da na kare katako daga gara, kuma idan ya daɗe yana shiga jiki ta ruwa ko abinci yakan haddasa ciwon daji na fata da huhu da mafitsara. Da yake ba ya ruɓewa, hanyar da aka saba bi ita ce a kwashe ƙasar baki ɗaya, aikin da ke cin kuɗi kuma yake barin gona kufai.

A shekarar 2001, Lena Ma ta Jami'ar Fulorida da abokan aikinta suka bayyana a mujallar Nature cewa wani tsiro mai suna Pteris vittata, daga dangin tsirran da ba sa fure ba sa 'ya'ya, yana yabanya a wani filin sarrafa katako da gubar ta gurɓata, kuma a gwaji ya tara asenik har fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshen ganyensa. Sirrin yana cikin kamannin da ke tsakanin asenik da fosfet, abincin da kowane tsiro ke nema, domin ta ƙofar da saiwa ke shigar da fosfet gubar take bi. Galibin tsirrai sukan riƙe ta a saiwa su tsumbure, amma wannan yakan tura ta sama zuwa ganye, ya killace ta cikin wasu ƙananan jakunkuna na ƙwayoyin halittarsa inda ba za ta cutar da shi ba.

An gwada dabarar shuka tsiron don tsabtace ƙasa a lardin Hunan na ƙasar Sin, da kuma unguwar Spring Valley ta birnin Washinton, inda aka yi gwajin makamai masu guba lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai dai masu zuzuta ta sukan manta cewa tsiron ɗauko gubar kawai yake yi, don haka dole a riƙa yanke ganyen ana adana shi a matsayin shara mai haɗari, in ba haka ba ya zube ya mayar da ita ƙasa. Saiwarsa ba ta nisa, ba ya jure sanyi mai tsanani, kuma filin da gubar ta yi wa katutu yakan buƙaci girbin shekaru masu yawa kafin a sake shuka abinci a cikinsa.